Shekarar da Baba Ya Zauna a Burtali

Bana damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwan farko ya sauko da wuri, ya jiƙa ƙasa fiye da kamu guda, muka fita da sungumi muka yi shuka, gero ya tsiro ya buɗe kunne, sai sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha tara ke nan ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta yayyaga shi, ta bar mu da ƙanshin ruwan da ya sauka a garin wasu.

Muna cikin wannan zaman jira wasu baƙi suka zo ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, cikin mota mai baƙin gilashi. Hayar fili suke nema, za su yi babbar gonar riɗi, su haƙa rijiyar burtsatse, su ɗauki samari aiki. Filin da suka nuna ya haɗa da burtali, hanyar da shanu ke bi su ratsa gonaki zuwa tapki. Da aka tara dattawa aka nemi bakin kowa, na ce a ba su ko'ina, ban da nan.

Autata Ummi, wadda ke karatu a jami'a, tana gida hutu. Ta ajiye mini kwanon fura, ta ƙi tafiya.

"Abba, samarin garin nan fa duk sun koma acaɓa, wasu sun tafi Kudu. Ga aiki ya zo har ƙofa, ka ce a'a saboda hanyar shanu? Kai dai ɗan ra'ayin riƙau ne, wallahi."

Na yi dariya har na ƙware. Ta ɗauka raina ta na yi, alhali kalmar ce na gane. Ni na fara shigo da ita gidan nan, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, kuma mahaifina na jefa da ita.

Sunansa Malam Habu. Ba shi da sarauta, ba liman ba ne, bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba. Manomi ne dogo siriri, mai tsumulmular magana. A tsugune yake gaida dagaci, ko da yake ya girme shi nesa. Ba a sare gawo a gonarsa, ba a sayar da hatsi daga gidansa sai sabo ya shigo. Idan ka kawo masa sabon abu, tambayarsa ba ta canzawa: wa ya gwada shi, kuma me ya same shi bayan shekara uku? Rediyon da na sayo sai da ya yi wata shida a gidan kafin Baba ya yarda a kunna shi a zaure. Ya ce ba ya son baƙon da ke magana ba ya sauraro.

Gandu muke yi, ni da ƙannena biyu, ƙarƙashinsa. Daga hantsi zuwa azahar aikin gonar gida ne, bayan nan kowa ya wuce gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa ta kansa. Tukunya ɗaya, a hannun mahaifiyarmu Inna, ita ke auna hatsin yini da ƙwaryarta wadda ba mai taɓawa.

Ni kuwa a lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyarwa a firamaren garin, aljihu cike da biro, kai cike da magana. A zaɓen da ya wuce ni ke hawa benci ranar kasuwa ina yi wa jam'iyyar talakawa kamfe. Da aka rufe jam'iyyu muka koma gindin tsamiya muka ci gaba da siyasarmu da baki. A wurina duk abin da muka tarar ana yi, wani mai rawani ne ya shirya shi don ya ci gumin talaka. Tsugunawar Baba gaban dagaci ta fi komai ƙona mini rai.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Yashi yakan yi zafin da jaki ke ƙin fita daga inuwa. Muka yi sassabe, muka ƙone, muka kai taki, muka zauna kallon gabas. Azumi ya kama mu a haka. Da azahar sai ka ji harshenka kamar guntun fata a baki. Inna takan binne tulu cikin yashi a ƙarƙashin darbejiya ta yayyafa masa ruwa tun safe, wannan shi ne firjinmu. Yanzu kafin a kira magariba yara sun zagayo da ƙanƙara a bayan babur, amma ban taɓa shan ruwan da ya kai na tulun nan daɗi ba, da ɗan ɗanɗanon ƙasa a ƙarshensa.

A tsakiyar azumi aka yi ruwa guda mai kyau. Muka fita da bakinmu a bushe, Baba na gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kwana uku muka gama gandu. Gero ya fito, sai sama ta kulle. Muka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, aka juya riguna, tsofaffi na kuka a fili ba kunya. Shukar ta murɗe, ta koma kamar zaren buhu, iska ta rufe ta da yashi.

Bayan Sallah aka sake yin ruwa, muka sake shuka da abin da ya rage na iri. A nan ne na hau mota zuwa Gumel na samo mudu biyu na wani sabon wake daga wajen malamin gona, wanda aka ce wata biyu yake yi ya nuna. Na kawo wa Baba da murna. Ya zuba a tafin hannu, ya jujjuya, ya mayar mini.

"Ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba. Ba zai shiga gandu ba. Gayaunarka dai taka ce."

Na shuka shi a gayaunata ina ƙunƙuni.

Shuka ta biyu ma ta soma bin ta farko. Ƙwaryar Inna ta daina cika. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da safe sai kunu mai ruwa-ruwa wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Mata suka bazu daji tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa a kwaɗa ba ƙuli. Mutanen arewa suka fara ratsowa daga wajen Damagaram, da jakuna da tabarmi da tsofaffi a kan raƙuma. Matansu ne suka koya wa namu yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Bai taɓa fita duka ba. Har yau idan na tuna sai in ji shi a maƙogwaro. Ranar Alhamis hanyar Maigatari takan cika da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, a kai su kasuwa a rasa mai tayawa, ungulaye na biye da su a sama.

A bayan ɗakin Baba akwai rumbun tsimi, an liƙe bakinsa da laka, cike da damman geron da ya shekara uku ba a taɓa ba. Na ce a buɗe. Ya ce tukuna.

"Baba, jira muke mu fara binne mutane?"

"Wata nawa ya rage kafin kaka? Kafin wata kakar fa, idan wannan ba ta zo ba? Ka yi lissafin, ai kai ne malamin makaranta."

Wuri ɗaya ne kawai ya rage da kore a duk ƙasarmu: ƙarshen burtali, inda yake gangarawa cikin kwari kafin ya isa tapki. An shinge shi da aguwa hagu da dama, ƙasarsa baƙa ce saboda kashin shanu na shekaru, kuma tana riƙe damshi. Fulanin rugar Arɗo Manu, maƙwabtanmu na arewa, sun tashi kaf tun rani sun yi kudu neman ciyawa, abin da ba su taɓa yi ba, kuma har lokacin ba su dawo ba.

Isiyaku ne ya fara kawo maganar. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa. Gonarsa 'yar mitsitsiya ce a kan tudun yashi, ga mata da 'ya'ya uku, shuka biyu ta mutu masa. Ya same ni gindin tsamiya da la'asar, idonsa ya faɗa.

"Malam Sani, kai ka yi karatu. Gaya mini, shanun da ba sa nan sun fi 'ya'yana da ke nan?"

Abin da nake jira ke nan. Na tara samari goma sha biyu, na yi musu jawabin da ya fi na ranar kasuwa. Na ce ƙasa ta Allah ce, na ce dattawa na tsare wa Fulani fili ne saboda man shanun da ake kawo musu. Muka haɗa ɗan irin da kowa ya ɓoye, muka sa rana.

Da sassafe muka isa da sungumi da fartanya, sai muka tarar da mutum zaune a tsakiyar burtali, kan buzu, da buta a gefensa da carbi a hannu. Samarin suka ja baya suka bar ni gaba.

"Baba, ka tashi."

"Ban gaji ba."

"Wannan filin na wa ne?"

"Na waɗanda ba sa nan. Kakanka da mahaifin Arɗo suka dasa aguwar nan da hannunsu. Ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa tada maganar ba. Shanu za su dawo, Sani, kuma su ba su san kun yi taro ba. Ƙishirwa ce za ta kawo su, ta nan za su bi."

A gaban mutane na ce masa, "Ka san abin da ake kiran irinku? 'Yan ra'ayin riƙau!"

Ya ɗaga kai ya dube ni, ba fushi, kamar mai son ƙaruwa. "Mece ce fassararta?"

"Mutumin da ya riƙe tsohon abu ya ƙi saki, ko da mutane na mutuwa."

Ya gyaɗa kai. "To, rabin farko gaskiya ne."

Isiyaku ya matso ya durƙusa, don duk da yunwa bai manta da ladabi ba. "Baba Habu, na ji ka ce kada in shuka. To in ba 'ya'yana me?"

Baba ya buɗe baki ya rufe. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin nasara, na ɗaga sungumi na yi saran farko.

Muka shuka kwarin muna zagaye Baba. Ba wanda ya iya cewa ya matsa, sai muka bar masa da'irar da ke kewaye da buzunsa. Kwana uku yana zuwa ya zauna cikin rana har azahar. Da ya so, kalma ɗaya zai kai wa dagaci a kore mu, amma bai kai ba. A gida kuma bai daina cin tuwo kwano ɗaya da ni ba. Ba ma magana, sai dai in ga ya turo lomar da ta fi girma gefena da bayan yatsa, kamar ba da gangan ba.

Cikin mako uku gero da wake suka yi kore shar a kwarin, sun kusa gwiwa. Mutane na zuwa kallo. Har wasu dattawan suka fara gaishe ni da fara'a.

Ranar wata Talata da hantsi ina cikin aji na ji ihu. Kafin in isa, shanun Arɗo Manu sun dawo, abin da ya rage daga cikinsu, ba su kai sulusin waɗanda suka tafi ba. Sun ji ƙanshin ruwa, ba sandan da zai tsayar da su. Suka bi hanyar da suka sani, suna tattakewa suna fizgar ganye. Isiyaku, wanda ke noma a ciki, ya ɗauki gatari ya sari wata saniya a agara. Ta faɗi tana kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Samarin Fulani suka yo kansa da sanduna, wasu sun zare adda, namu suka taso da fartanyu. Na shiga tsakiya ina ɗaga hannu, ni mai jawabi, sai na nemi kalma ɗaya na rasa. Sanda ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya.

Da ɗaya idon na hango Baba yana tahowa. Ba gudu yake ba, tafiyarsa ce ta zuwa masallaci. Daga ɗaya gefen kuma ga Arɗo Manu, gajeren tsoho da malafa, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Suka haɗu daidai inda saniyar ke kwance. Baba ya miƙa hannu biyu.

"Arɗo, barka da dawowa. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam Habu. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali? Ya yara? Ya tsohuwa, ta jure tafiyar?"

"Allah ya karɓi abarsa a can kudu."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a, a nan tsakiyar adduna da fartanyu. Suka dawo kan gaisuwa, ya gajiya, ya dabbobi, ya haƙuri da wannan shekara, Baba na sako 'yar Fulatancin da ya iya, Arɗo na amsawa da Hausa. Ba wanda zai iya riƙe sanda a sama tsawon irin wannan gaisuwa. Ɗaya bayan ɗaya hannuwa suka sauka. Wasu har sun shafa fatiha ba su sani ba.

A gindin gawo aka zauna. Saniyar ba za ta tashi ba, aka yanka ta kafin ta mutu. Arɗo ya ce ta wata gwauruwa ce, ita kaɗai ta rage mata cikin bakwai. Bai ɗaga murya ba, bai nemi komai ba, faɗa kawai ya yi. Baba yana da karsana guda da ya ba su kiwo shekara biyu da suka wuce, ita ce duk dukiyarsa mai ƙafa huɗu. Ya tambaya ko tana raye. Aka ce tana raye.

"To ta zama ta baiwar Allah nan."

Sannan ya juya wajen Isiyaku, wanda ke zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Ranar nan ka yi mini tambaya ban ba ka amsa ba. Tun ranar nake juya ta. Ƙasan gandunmu, daga gawo na biyu zuwa iyaka, yana da ɗan damshi, shukar wurin ba ta mutu ba. Ka nome shi, abin da ya fito naka ne. Anjima ka turo maiɗakinka da ƙwarya."

Da muka koma gida Inna na wanke mini goshi da ruwan ɗumi tana magana da shi ba ta dube shi ba. "Malam, mu ma fa muna da bakuna a gidan nan."

"Na sani. Amma ni na ce masa kada ya taɓa. Ba zan hana mutum abinci in koma gida in rufe ƙofa ba."

Da yammacin ranar ya sa aka kawo tsani, ya hau da kansa ya fasa lakar bakin rumbun tsimi. Wani ƙanshi ya fito, na tsohon gero da toka da rana. Zangarniyar ta yi duhu, amma ƙwayar na nan da nauyinta. Ya sauko da dami ɗaya tak, ya mayar da murfi. Aka raba naman saniyar tsakanin ruga da gari, kowa ya sami abin da bai fi tafin hannu ba. Washegari ni da samari goma sha biyun nan muka koma burtali muka gyara shingen aguwar da muka karya, samarin Fulani na miƙo mana reshe, har da wanda ya fasa mini goshi. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Daga baya shi ya riƙa yi mini kiwon tumaki, har ya tsufa.

Dami ɗaya duk kwana huɗu, haka Baba ya tsara, ba ƙari ko Inna ta yi fushi. Daga ciki ake auna wa gidan Isiyaku, da wasu gidaje biyu da ba a faɗar sunansu. Matan ruga suka fara kawo ɗan nonon da suka samu a ba su dusa da tsaba. Muka koma gayya, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, domin mai yunwa ba ya iya noma shi kaɗai, amma idan kuna da yawa kunya takan riƙe ka a tsaye. Aka yi ruwa uku masu kyau a jere, kwaɗi suka yi kuka, muka fara sa rai, sai damina ta tattara ta tafi tun dawa ba ta fid da kai ba. Dawa ta tafi a kara. Gero ya ba da zangarniya sirara, rabinta ƙaiƙayi. Ba a mutu da yunwa a garinmu ba, amma an binne yara da tsofaffin da ƙaramin zazzaɓi ya kayar saboda ba abin da ya tarar a jikinsu.

Waken gayaunata kuwa ya yi. Ya nuna tun sauran amfani na tsaye, shi muka ci muka tsallake makonnin da suka fi wuya. Wata safiya na tarar da Baba a gayaunar yana ɓare kwanso, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna.

"Da na sa shi a gandu, da gidaje biyar sun ci," ya ce, yana duban waken ba ni ba. "Ka ajiye mini irin da zai shuka kunya uku baɗi. Idan ya shekara uku bai ci amana ba, ya zama ɗan gida."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban taɓa jin ya amsa kuskure da kalmomi masu yawan haka ba.

Na ba Ummi wannan labari jiya, muna zaune a zaure muna kallon wani hadarin da shi ma bai sauka ba. Ta ce a wayarta kullum ana faɗa tsakanin masu cewa a koma yadda ake da, da masu cewa a rushe a sake, kowa na zagin kowa. Ta tambaye ni ko kakanta wane ɓangare zai shiga. Na ce ina jin zai fara tambayarsu ko sun gaisa. Ta yi dariya, sannan ta gyara zama.

"To Abba, na ji. Kai ka ce kada a taɓa burtali. Samarin fa, me za ka ba su?"

Na buɗe baki na rufe. Ina da gona a bakin hanya wadda ta fi ƙarfina yanzu, tun jiya nake juya ta a raina, ban dai gaya wa kowa ba tukuna.

Akwai saura kaɗan daga labarin waccan shekara. Bayan an gama ɗan girbin da aka samu, wata Juma'a da safe Baba ya sa babbar rigarsa ta saƙi ya ce in raka shi gidan dagaci. Na bi shi ina jan ƙafa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ni ma dole na tsuguna. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, akwai saurar nan ta yamma da gari, wadda ke hannun gidanku, ta shekara shida ba a noma ta ba. Akwai kuma magidanta tara a garin nan da gonarsu ba ta ciyar da su ko a shekarar albarka. Bana yunwa ta kai su burtali, har an zub da jini. Na zauna na tsare hanyar shanu, amma ba zan iya zama kowace shekara ba, na tsufa. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, idan magidanci ya rasa gona, shi ke yanka masa. A gabana aka yanka wa mutum huɗu. Na ce bari in zo in tuna maka, kada a ce a zamaninka aka daina."

Abin da na shekara uku ina faɗa a kan benci ke nan, har muryata na dushewa, ba wanda ya taɓa ba ni ko taki ɗaya na ƙasa. Dagaci ya daɗe yana shafa gemu, ya dubi mutanen da ke zaune, ya ga duk shi suke kallo. Ya ce a dawo bayan sallar Juma'a da igiyar awo. Bai ba da duka ba, ya ba da fiye da rabi. Isiyaku ya sami nasa a ciki, 'ya'yansa ke noma wurin har yau.

A hanyar komawa gida na kasa haƙuri. "Baba, yau dai ka shigo jam'iyyarmu."

Ya tsaya ya zazzage yashi daga takalminsa, ya mayar. "Wace jam'iyya? Ku cewa kuke a tsige shi. Ni aikinsa na je na tuna masa." Ya ci gaba da tafiya, na bi bayansa. Can ya ƙara, ba tare da ya waiwayo ba, "Amma da ba ku yi ta ihun nan ba, ban tabbata zai ji ni da wuri haka ba. Kada ka gaya wa abokanka na faɗa."

Ban gaya musu ba sai bayan rasuwarsa.